Masuncin da Ya Ɓace a Teku

Tela ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Muryar malamar Turanci ce ke fitowa daga wayar 'yarsa, tana karanta labarin da ɗalibai za su saurara a gida kafin aji. Yarinyar na fassara masa: wani masunci ne ya ɓace a teku. Shuɗin yadin da ke gabansa ya soma kaɗawa kamar ruwa.

"To, ya dawo gida?"

"Baba, sai gobe a aji za mu warware ƙarshen."

Da safe ya rufe shago, ya lallaɓa bakin tagar ajin, kunya kamar ya nutse. Sai ya tarar da wani mai wanki da wani direba da wata kaka, su ma 'ya'yansu da jikokinsu na ajin, sun riga shi.

Kakar ta matsa ta ba shi wuri. "Yi shiru, ɗan nan, an hango kwalekwalensa."