Goshi Ba Kwalli

Jaririn bai yi kuka ba. Da likita ta girgiza kai, sai na sauke kyamarata.

Hoton haihuwarsa aka ɗauko ni in yi. A nan birnin Daka kuwa ba a yi wa jariri hoto sai an ɗiga masa kwalli a goshi, a rage masa kyau, kada mugun ido ya kama shi.

Kakarsa ta kunce kwallin daga haɓar sarinta, dogon zanen da matan nan ke naɗawa a jiki.

Mai jegon ta riƙe ta. "Bari, Mama. Me kuma ido zai yi masa?" Ta dube ni. "Yaya, ɗauki hotonsa haka, da kyawunsa."

Na ɗauka. Duk jariran da na taɓa yi wa hoto, shi kaɗai ne mai goshi fes.