Sakatar Mama

Yaushe ƙanena ya mutu: ranar da harsashi ya same shi cikin taɓon Faransa, ko ranar da uwarmu ta yarda ta ji? Har yau na kasa amsawa.

Mai askin tumaki ne, ya ajiye almakashi ya ɗauki bindiga ya tafi yaƙi. Nan Ostareliya kuwa, fastoci aka ɗora wa kai saƙon mutuwar sojoji, har mata kan ɓuya idan sun hango keken namu faston.

Da ya jingine keken a shingenmu, Mama ta danna sakata.

"Wuce gaba, Fasto! Ka zama ungulu, ba ka sauka sai kan gawa. Ɗana lafiyarsa ƙalau."

Kullum ya dawo, ƙofa a rufe, tana ciki tana saƙa wa ɗanta safa.

Rannan ya zauna a dakali, ya cire hula.

"Baiwar Allah, rami ɗaya aka sa ɗanki da nawa yaron. Ni wa zan rufe wa ƙofa?"

Mama ta ajiye alluran saƙa. Can sai ta zare sakata.

"Shigo," in ji ta. "Faɗa mini a hankali."