Amsar Zipora a Bakin Raga

Zipora, 'yar manoman Kagoma da ta koyi tanis a tsohon filin ma'aikatan reluwe na Kafanchan, ta dawo gida da kofi, ga kuma gayyatar buga wasa a ƙasashen waje. A bakin ragar filin ta tarar da Gershon, malamin makarantar da ke sonta, yana ta murza hularsa.

Idonsa a ƙasa ya ce, "Aurenki nake so, Zipora, amma na ji za ki tafi."

Sai dariya ta ƙwace mata.

"Tafiya kam ba fashi, Malam. Wa ya ce maka mai tafiya ba ta aure? Turo manyanka wurin Baba kafin Kirsimeti."

Gershon sai kawai ya ce, "Halleluya!"