Mai Rawanin Da Ya Juya Baya

"A ce wa Iya ta dubi wanda ake tuhuma," in ji Kanar Barkai, alƙalin kotun soja ta garin Faya, fuskarsa na kallon bango. "Shi ne mai rufe fuska da rawani yana nuna wa sojojin Libiya gidajen mutanenmu?"

Wardugu mai dabino na tsugune cikin ankwa. A waje an riga an kafa turken harbi.

Tsohuwa Kellu ta girgiza kai. "Wannan mai ƙura mini ido? Ba shi ba ne."

"A tuna mata ba ta ga fuskarsa ba."

"Ban gani ba. Amma ranar da suka zo ɗaukar autana, mai rawanin ya nuna ƙofarmu. Ina fitowa ya yi wuf ya juya mini baya. A ƙasar nan, wa namiji ke yi wa haka?"

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Surukarsa."

"To, 'yata ɗaya ce tal, kuma kun san mijinta."

Kowa ya waiga wajen alƙali. Har yanzu bango yake kallo, amma hannunsa ya sauka kan bindiga.