Kek Ɗin da Babu Ƙwai

Tunda kin dage cewa abin da aka gada ba a taɓa shi, gyara zama ki ji wani misali.

An yi wata mata gwanar kek, wadda ta koyi haɗin a hannun mahaifiyarta: fulawa, ƙwai, madara da man shanu, a zuba a gwangwanaye, a gasa cikin tukunya mai yashi a kan garwashi. Duk Ƙaramar Sallah ita ke yi wa dangi, babbar yayarta kuma ita ke rabawa. Ana nan sai 'yarta ta dawo daga karatu, ta ce ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba ƙwai, ba madara. Ba ta ce haramun ne ba, ta dai ce ranta ba ya so. Dangi suka yi mata caa, wannan ya ce iyayi ne, wancan ya ce boko ya juya mata kai. Ranar Sallah aka zagaya da faranti, tana zaune hannu a cinya ana ta yi mata shaguɓe, har ta tashi ta fita, ta ce ita da taron dangi har abada. Uwar ma ba ta gane dalilin 'yar ba, sun sha yin faɗa a kai. Amma fitar nan ta tsaya mata a rai. Ta ce ko da gaskiyarta ko babu, 'yar da ta haifa ba za ta zauna a cikin dangi tana kallon bakin mutane ba.

Da watan azumi ya sake kamawa sai uwar ta ɗaura ɗamarar haɗa kek ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Na farko ya fito a daskare kamar tubali, na biyu ya ruguje tun a gwangwani, wani kuwa ko kaji sai da suka yi masa kallon raini. Labari ya kai wa yayar, ta zo takanas ta ce, “Kek ɗin Inna za ki lalata saboda sangartar yarinya? Wannan ba zai hau farantinmu ba.” Matar ba ta ko ɗago kai daga ƙwaryar da take kwaɓi ba, ta ce, “Yaya, Inna ta bar mana shi ne don 'ya'yanmu su ci. In bai hau farantinki ba, ni ma ina da faranti.” Ta ci gaba da abinta. Ta dama nunanniyar ayaba a madadin ƙwai, ta tace ruwan aya a madadin madara, ta sa man gyaɗa, ta ɗiga ruwan tsamiya kaɗan ya tayar da hodar da ke sa kek kumbura. Ana jajibirin Sallah ta buɗe tukunya, sai ga kek ya tashi ya yi ja, ƙamshi har zaure.

Washegari ta kama hannun 'yarta suka shiga gidan taro da farantinsu, ta dire shi tsakiyar tabarma ba ta nemi izinin kowa ba. Yayar ta gutsura, ta tauna, ta taɓe baki ta ce wannan ba na Inna ba ne. Matar ta ce, “Gaskiyarki, nawa ne.” Wasu suka ci suka ƙara, wasu suka kau da kai, ita ko a jikinta. Idonta na kan 'yarta, wadda ta miƙa hannu cikin hannuwan 'yan'uwanta tana ci tana dariya, baki cike.

To kin ji. Ba raina na gaba ta yi ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.