Silifas ɗin Inna a kan rufi

Kai jama'a, da silifas ɗinta Inna ta toshe rufinmu, kuma ya riƙe!

Ina ƙaramin ɗan lekol, wato makarantar boko, a Garwa lokacin. Hadari ya haɗu da la'asar, kwanon ɗakinmu duk huji, ga buhun garinmu na ƙarshe a ciki. Kwalta ta fi ƙarfinmu. Inna ta tuɓe takalmanta, ta narka a gwangwani, ta cicciɓa ni sama.

"Shafa da sauri, ɗan nan, kar ka kalli ƙasa!" in ji ta.

Yatsuna sun ƙone, amma garin bai jiƙe ba. Haka Inna ta ƙare daminar ba takalmi.

Yau ga ni a jami'ar Ngawundere, amma ƙaurin roba har gobe tsinka min zuciya yake. Don Allah ku tura wa wasu.