Ranar da Inna Ta Raba Geronmu Uku

Ina da shekara bakwai lokacin yaƙin Nasara da Jamus. Muna zaune kusa da rijiyar Gugaram, sojojin kumandan Nasara suka zo suka kwashe raƙuma da gero, suka tafi da maza, har da babana.

Wata la'asar Inna ta tono tulun da ta binne a ƙarƙashin gado. Har yau ina jin warin geron nan, warin ƙasa da tsohuwar toka. Ta zazzage shi a faifai, ta raba uku da gefen hannunta.

"Kai wa Tamu wannan, wancan kuma na gidan Jabu ne."

Maƙwabtanmu ne, Tamu Ba'abziniya ce, Jabu Bafillata. Na riƙe faifan, na ƙi motsi.

"Inna, ai ba danginmu ba ne. Mu ma yunwa muke ji."

Ba ta daka mini tsawa ba. Ta dube ni kawai, ta ce, "Da sojoji suka zo, kin ji sun tambayi harshen wani?"

Na kai, ina kuka.

Yanzu na tsufa a Arlit. Maƙwabciyata Hajiya Rabi, shekara talatin muna aron turmin juna, na daina gaishe ta tun zaɓen da ɗanta ya bi wata jam'iyya, ɗana ya bi wata. Da ta kwanta ciwo, na ce sai gobe zan leƙa. Jiya aka wuce da makararta ta ƙofata, ina tsaye bayan labule, na kasa fitowa.